Girkin Zango: Yadda Za A Ciyar Da Iyali Kwana Biyu A Daji

Daga an kai amfanin gona gida, sauro ya ja baya, hunturu ya fara busawa, lokacin fita da iyali ya yi a ƙasar Damagaram. Hutun makaranta na ƙarshen Disamba ya fi kowane lokaci dacewa: rana ba ta gasa mutum kamar a Afrilu da Mayu, dare kuma na zaman bakin wuta ne. Wasu garkar dangi suke zuwa a Mirya, kilomita 18 kacal daga Zinder, wasu su miƙe hanyar Gure har Gidimuni inda tafki da itatuwan dabino suke, wasu kuwa gonar gado ce a wajen Matamai. Duk inda aka nufa, ciki ne ke gyara tafiyar ko ya ɓata ta. Sau da yawa maigida da yara su sha iska, uwargida kuwa ta wuni a durƙushe gaban murhu hayaƙi na cika mata ido, a dawo gida tana rantsuwar ba za ta sake ba.

Maganin wannan ɗaya ne: rabin girkin daji a gida ake yin sa. Abin da ya rage a can shi ne ɗumamawa, haɗawa, da tukunya ɗaya tak a kowane cin abinci.

Lissafin farko, kafin a je kasuwa

Mu ɗauki gida mai mutum 6, manya 2 da yara 4, za su tashi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su dawo Lahadi da la'asar. Cin abinci 6 ke nan: daren Juma'a, uku na Asabar, karin kumallo da abincin ranar Lahadi. A rubuta su a takarda, kowane da abin da za a ci. Wanda bai rubuta ba shi ne ke lodin rabin buhun shinkafa ya manta gishiri.

Sai ruwa. Ba a koya wa mutumin Zinder darajar ruwa, amma lissafinsa a daji daban ne da na gida. A ware wa kowane kai lita 8 a yini, na sha da girki da alwala da ɗan wanke-wanke. Mutum 6 kwana 2 ya kama kusan lita 100, wato jarka 4 masu lita 25. A ɗaura wa biyu daga ciki ƙyalle a hannu, a gaya wa yara waɗannan na sha ne, ba a taɓa su don wanke ƙafa. Idan akwai rijiya a wurin, ta ɗauke nauyin wanke-wanke, amma ruwan da za a sha daga cikinta sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, ko a jefa masa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta a jira minti 30. Ruwan tafki kuwa ko wanka kada yara su shiga yi, tsargiya a irin wannan ruwan kwance take.

Ruwan da aka ɗauka shi ke zaɓen abinci. Shi ya sa nake cewa a bar tuwo a gida. Tuwo da miyar kuka ba abin da ya kai su daɗi a daren sanyi, amma tukunya biyu ce, ga tuƙi, ga ƙanzon da zai sha ruwan jiƙo. Ɗanwake ma haka: ruwan dafa shi yawa gare shi, kuma zubarwa ake yi. In zangonku na bakin rijiya ne, to bismillah, a haɗa garin da kuka tun daga gida a tafi da shi. In ba haka ba, a haƙura.

Ranar Alhamis

Alhamis ce babbar ranar kasuwa a Zinder, kuma ta faɗo daidai. A kasuwar Dole za a samu komai a zagaye ɗaya: shinkafa kilo 2, wake rabin tiya, gero rabin tiya, garin rogo, fulawa kilo 1, taliya ƙunshi 2, man gyaɗa lita 1, sardin gwangwani 4, ƙuli-ƙuli, dabino, cuku, tsamiya, busasshen zogale, madarar gari, sukari, ganyen shayi, albasa, da nama kilo 1. Tumatir ɗanye a sayi mai yawa na miya, amma wanda za a tafi da shi ya zama 'yan kaɗan masu tauri da ba su gama nuna ba. In garka za ku je ma kada ku ɗauka. A hunturu garake cike suke da tumatir da salati da kabeji, kuma sayen su a hannun mai garkar ya fi komai saurin ƙulla zumunci.

Da yammar Alhamis ɗin ne ainihin aikin yake, kuma aiki huɗu ne.

Na farko, kuma uban sauran, soyayyar miya. A niƙa tumatir da tattasai da attarugu da albasa, a zuba a tukunya ba mai, a bar shi a wuta har ruwansa ya ƙone ƙurmus ya koma kauri. Sannan a zuba mai da ɗan yawa, fiye da yadda aka saba, a yi ta soyawa a wuta marar ƙarfi har man ya taso sama, launin ya yi duhu, tsamin tumatir ya fita. A sa gishiri da daddawa da citta da tafarnuwa. Kada a sa nama a ciki, kada a ƙara ruwa ko ɗigo. Ruwa ne ke lalata miya, man da ya rufe ta kuma yana taimaka mata ta jure. In ta huce a raba ta cikin robobi 3 masu murfi, kowace ta cin abinci ɗaya, don kada a riƙa buɗe mazubi ɗaya ana tsoma cokali. Biyu a sa su a firiza su daskare, su za su zama ƙanƙarar kula.

Na biyu, nama. A yanka ƙanana, a tafasa da albasa da gishiri har ruwan ya tsotse, a soya shi ƙayau. Wannan na daren farko ne da ranar Asabar. Na Lahadi kuwa kilishi ne ko dambun nama, waɗanda ba su san zafi ba. Masu bin hanyar Gure sun san sunan da Gidigir ta yi a kilishi, amma na cikin gari ma ya wadatar.

Na uku, tukuɗi. A surfa gero a wanke, a shanya ya sha iska, a daka shi da citta da kanunfari da ɗan barkono, a daka dabino da cuku a haɗa. Matafiyan da suka riƙa ratsa ƙasar nan da raƙuma ba su raina irin wannan guzuri ba, kuma dalilinsu bai tsufa ba: ba ya neman wuta, ana dama shi cikin minti biyu, yana riƙe ciki. Sharaɗinsa ya tafi a bushe. In aka ƙulle shi da danshi a leda, kafin Asabar ya yi tsami. A ware wani garin geron zalla, ba dabino ba cuku, na kunu.

Na huɗu, wake. Shi ne ɓarawon itace. A dafa shi a gida da 'yar kanwa har ya kusa nuna, a tsane, a huce, a daskarar. A daji minti goma ya ishe shi.

Yaji ba ya cikin lissafin aiki don kowane gida yana da nasa. A dai cika kwalba.

Wajen shirya kula, abin da za a ci a ƙarshe shi ke ƙasa, na daren farko a sama. A cike giɓin da robobin ruwa da suka daskare, in sun narke a sha. A lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa, kuma a naɗa mutum ɗaya mai buɗe ta. Yara huɗu in aka sakar musu kula, kafin azahar ta zama bokiti.

Isa da kafa murhu

A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, don haka a isa da sauran haske. Kafin a sauke kaya maigida ya je ya gaida mai gari ko mai gonar: "Baba, mun zo da iyali za mu kwana biyu a gefen gonarku, in an yarda mana." Goro da ɗan sukari da ganyen shayi a hannu. Shi zai nuna muku inda ya dace a sauka, da rijiyar da ake sha, da wanda ke sayar da itace. Kwana nesa da mutane ba burgewa ba ce, kusa da gari ko garka ya fi.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. A kafa murhu ta yadda hayaƙi zai bi iska ya bar wurin kwana, a kare shi da zana ko tabarma daga nesa kaɗan, kada ta kusanci harshen wuta. A share busasshiyar ciyawa taku uku ta kowane gefe har ƙasa ta fito. A wannan lokacin ciyawa ta bushe ƙayau, kuma tartsatsi ɗaya kan cinye kiwon gari guda. In akwai duwatsu a jera uku, amma a fara ture kowane da ƙafa ko sanda kafin a sa hannu, saboda kunama. A jigawa inda ba dutse, a haƙa ɗan rami mai tsawo wanda bai kai faɗin gindin tukunya ba, a gitta rodi biyu a kai.

Ni dai shawarata a tafi da wuta iri biyu: ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 don kunun asuba da duk abin gaggawa, da gawayi ko busasshen itace don gashi da hira. Tukunyar gas a tsaye take tafiya a mota, a inuwa take zama. Ɗanyen itace ba a sara, ma'aikatan gandun daji ba sa wasa da wannan, musamman gawo. Kuma kada a yi tsinken gashi da tumfafiya, farin ruwanta guba ne. Tsinken ƙarfe daga gida ya raba gardama.

Abu ɗaya da ba shi da sassauci: komai tsananin sanyi, ba a shiga da garwashi cikin tanti ko rufaffiyar bukka. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Bargo ake ƙarawa.

Daren Juma'a

An gaji, duhu ya kusa, yara na ƙorafi. Wannan daren na taliya ne, kuma a cikin miya za a dafa ta don kada a zubar da ruwa. A juye robar miya ɗaya a tukunya, a zuba ruwa kamar lita ɗaya da rabi, in ya tafasa a kakkarya taliya ƙunshi 2 a ciki, a jefa rabin soyayyen naman. A riƙa juyawa don kada ta kama, in ruwan ya yi kaɗan a ƙara kofi ɗaya. Minti 12 zuwa 15 an sauke. A tire ɗaya za a ci, abin wankewa tukunya da tire ke nan.

Kafin a tashi daga bakin wuta a jiƙa tsamiyar kunun safe a kofi mai murfi.

Asabar

Da asuba sanyi yana shiga ƙashi, kuma kunun tsamiya ne maganinsa. A dama garin gero kofi 2 da ruwan tsamiyar da aka tace, a tafasa ruwa lita 2 a sheƙa a kai ana juyawa da sauri har ya yi kauri. In bai kama ba a mayar da shi wuta minti biyu. Sukari, sai burodi da soyayyen ƙwai da albasa. Ƙwai a ɗanye ake tafiya da shi, a cusa shi cikin robar garin rogo don kada ya fashe. Dafaffe ya fi saurin lalacewa. Burodi kuma na safiyar farko ne kaɗai, ko an ƙulle shi a leda hunturu ba ya barin sa ya kai Lahadi.

Da rana kada a hura wuta ko kaɗan. A yayyafa wa garin rogo ruwa ya yi laushi ba tare da ya caɓe ba, a daka ƙuli-ƙuli a zuba, a yanka albasa da tumatir, a sa mai da yaji da gishiri, a buɗe sardin 2 a juye har da mansa. Kwaɗo ke nan, kuma yaro ɗan shekara goma zai iya haɗa shi, gara ma a bar masa. Mai son ganye ya tafasa busasshen zogale tun da safe a sauran wutar kunu, ya matse ya haɗa. Kayan garka da za a ci ɗanye a wanke su da ruwan sha, ba da ruwan da ake ban-ruwa da shi ba. A bi da tukuɗi mai sanyi.

In akwai rugar Fulani kusa, da wuya a wuni ba a kawo tallar nono ba. A saya, a dama fura ko tukuɗi da shi, amma da ruwanku. Madarar da aka tatso yanzu sai an tafasa ta. Ƙananan yara da mai juna biyu kuwa madarar gari ta fi musu kwanciyar hankali.

Daren Asabar shi ne na nishaɗi, kuma a nan nake so a gwada gurasar rairayi, wadda Buzaye ke kira tagella. Ba ta neman tanda ko kasko, kuma aikin maigida da yara ne, uwargida ta zauna ta kalla. Tun la'asar a nemi rairayi mai tsabta inda dabbobi ba sa kwanciya, a hura wuta mai kyau a kansa, a bar ta ta ci kamar awa ɗaya har ta zama garwashi, rairayin ƙasa ya ɗau zafi sosai. A kwaɓa fulawa kilo 1 da ƙaramin cokali 2 na gishiri da ruwa kamar kofi 2 da rabi, a zuba ruwan kaɗan-kaɗan. A murza ƙullin minti goma, ya yi santsi ya daina kama hannu. Wannan murzar ita ce sirrin: ƙullin da ya yi ruwa shi ne rairayi ke mannewa a jikinsa. A raba biyu, a faɗaɗa kowane ya yi faɗin faranti, kaurin yatsa biyu, a barbaɗe shi da busasshiyar fulawa.

A ture garwashin gefe da sanda, a yi ɗan kwari a rairayin mai zafi, a kwantar da gurasar, a rufe ta da rairayi mai zafi, sannan a mayar da garwashi a sama. Bayan minti 20 a tone a juya ta, a sake rufewa, a ba ta wasu 15 zuwa 20. A ƙwanƙwasa ta da sanda: in ta yi ƙara kamar ƙwarya, ta nuna. A kakkaɓe, a kankare da wuƙa, a ɗauraye da ɗan ruwa da sauri. Sai a gutsuttsura ta a tire tun da zafinta, a ɗumama robar miya ta biyu da sauran naman da kofin ruwa har ta tafasa sosai, a kwarara a kai a juya. Wanda ya ji ɗan rairayi a haƙori ya yi haƙuri, da shi ake gane ta daji ce.

Garwashin da ya rage kada ya tafi a banza. A binne dankali a tokar, minti 40 ya yi laushi. In kuna Gidimuni kuma masunta sun fito da kifi, a duba mai jan maƙoshi da ido garau, a gyara shi nan take, a shafa mai da yaji a gasa a daren. Kifi ba ya kwana. Sannan butar shayi ta hau, a yi na farko da na biyu da na uku yadda aka saba. Yara a dafa musu citta da madara, don shayi mai ƙarfi zai hana su barci, su kuma su hana kowa.

Lahadi

Kunu kuma, ko shayi da sauran gurasa da aka ɗumama a garwashi. Abincin rana a yi shi da wuri, wajen ƙarfe 11, don a samu lokacin naɗe kaya. Shinkafa da wake: ruwa lita 2 ya tafasa, a zuba shinkafa kilo 1 da gishiri, in ta yi rabin dahuwa a zuba waken nan, a rage wuta a rufe. A ci da mai da yaji da albasa, a yayyaga kilishi a kai. Roba ta uku ta miya a buɗe ta a duba: in ƙanƙarar kula ta narke tun jiya, ko miyar ta yi kumfa, ko warinta ya sauya, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Haka ma waken. In da shakka a kansa, a mayar da girkin shinkafa da sardin 2 da suka rage. Shi ya sa aka sayi 4.

Dafaffiyar shinkafa ba a ajiye ta a daji. Abin da ya wuce awa 2 a buɗe cikin zafin rana ba na yara ba ne, kuma ɗumamawa ba ta gyara shi. Gara a dafa daidai ciki, in ya ragu a miƙa wa yaran gari ko makiyayi tun da ɗuminsa.

A jakar magani a sa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In babu kuma yaro ya fara gudawa, a haɗa ruwa mai tsabta lita 1 da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In yana amai ba ya riƙe komai, ko ya yi laushi, zango ya ƙare, a nufi asibiti mafi kusa.

Wanke-wanke da toka da rairayi ake fara shi: a goge tukunya da su har maiƙon ya fita, sannan ɗan sabulu da kofi biyu na ruwa. Shafa wa bayan tukunya sabulu kafin a ɗora ta a itace yana sa baƙin ya fita da sauƙi. Ledoji da gwangwanaye a tattara su a buhu a dawo da su gari, domin awaki da shanu suna haɗiye leda ta kashe su, kuma dabbobin mutanen da suka karɓe ku ne. Wuta a kashe ta da ruwan wanke-wanke, a juya tokar a sake zubawa, a kara bayan hannu a ji babu zafi, sannan a rufe da ƙasa. Garwashin da aka binne da ransa yana iya kaiwa gobe, ya ƙone ƙafar yaro ko ta dabba. Sauran mai da sukari da ganyen shayi a bar wa mai gonar in an je sallama. In daga wajen Mirya kuke, Lahadi ce ranar kasuwarta, a tsaya a sayi rake da kayan miyan mako kafin a shigo gari.